Kwano biyu a rumfa ɗaya

Tun ranar da aka kama mai awon nan da kwano biyu a rumfarsa ake ta turo mini saƙo cewa in yi shiru, wai mutumin dattijo ne, sahun gaba ba ya wuce shi, kuma ya sauke farali. Ba zan yi shiru ba, domin da idona na ga kwanukan. Wanda yake sayen gero da shi daga hannun mutanen ƙauye an buɗa masa baki, wanda yake auna wa matan unguwa da shi kuwa an bubbuge gindinsa ya lotsa ciki, har yatsa yana jin tudun. Wata tsohuwa da ke tsaye riƙe da ledarta ba ta ce komai ba sai "Allah ya isa", kuma har yau maganar ba ta bar kunnena ba.

Wanda ya yi imani da gaske cewa za a tashe shi bayan mutuwa ba zai ajiye kwano biyu ba. A farkon Suratul Muɗaffifina, sura ta 83, Allah Ya yi alkawarin azaba ga waɗanda suke cikawa idan suna karɓar awo daga mutane, amma su tauye idan su ne masu bayarwa, sannan nan take Ya tambaya ko ba su yi zaton za a tashe su ba domin wani yini mai girma. Ashe tauye mudu da shakkar tashin alƙiyama da igiya ɗaya aka ɗaure su. Mutanen Madyana a kan wannan laifi Annabi Shu'aibu (AS) ya yi ta jan kunnensu har aka halaka su.

Masu cewa tsadar kuɗin mota ce ta jawo, su gaya mini ko tsadar ba ta taɓa tsohuwar nan ba. Idan kaya sun tashi, ka ƙara kuɗi a fili, mai saye ya ga zai iya ko ya wuce. Masu cewa a rufa masa asiri kuma, ai ba tsakaninsa da Ubangijinsa kaɗai abin ya tsaya ba, abincin yaran mutane ne ake rage wa hannu guda kullum. Muna tinƙaho da Katsina garin Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marna, muna nuna wa baƙi hasumiyar Gobarau, ya kamata wannan ilimi ya biyo mu har cikin rumfa.

Jiya mun yi jana'izar wani maƙwabcinmu. Kafin a sallace shi aka yi shela cewa duk mai bin mamacin bashi ya tuntuɓi iyalinsa. Ina tsaye a sahu tunanina ya koma kan matan da aka yi shekaru ana auna musu da lotsattsen kwano, waɗanda ko an yi irin wannan shela ba za su zo ba, domin ba su ma san suna bin kowa bashi ba.