Fim ɗin yaƙi zai iya ƙara gishiri, amma kada ya ƙwace wa matattu aikinsu

Jama'a, akwai muhawarar da ake yawan yi tsakanin masu kallon finafinan yaƙi, musamman na jiragen ƙarƙashin teku: wasu na cewa fim nishaɗi ne, a bar darakta ya yi yadda ya ga dama, wasu kuma na ƙirga kowane maɓalli da kowace rigar soja. Ni ra'ayina ya rabu da na ɓangarorin biyu. Na yarda a ƙirƙiro mutane, a matse wata uku ya koma dare ɗaya, a ƙara fashewar bama-bamai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauke aikin da wasu suka mutu a kansa a danƙa wa wasu.

Misalin da ya fi damuna shi ne fim ɗin U-571, wanda Jonathan Mostow ya shirya aka saki a 2000. A cikinsa sojojin ruwan Amurka ne suka hau jirgin Jamus suka ƙwato na'urar Enigma, wadda Jamusawa ke ɓoye saƙonninsu da ita a Yaƙin Duniya na Biyu. Fim ɗin yana riƙe mai kallo, babu gardama. Amma wanda ya fara wannan aiki a teku ɗan Birtaniya ne. A ranar 9 ga Mayu 1941 jirgin yaƙin Birtaniya HMS Bulldog ya tare U-110, wani jirgin ƙarƙashin teku na Jamus, wani matashin hafsa mai shekara 20, David Balme, ya jagoranci 'yan tsiraru suka sauka cikinsa alhali suna tsoron an ɗana masa bam. Suka fito da na'urar da takardunta. A lokacin Amurka ba ta ma shiga yaƙin ba. Sai a Disamba na wannan shekara ta shiga. Abin ya kai har majalisar Birtaniya, inda firaministan lokacin, Tony Blair, ya yarda cewa fim ɗin cin fuska ne ga sojojin ruwansu.

To, ku saurari abin da ya faru da gaske a 1942, ku gaya mini ko yana buƙatar ƙari. Tun watan Fabrairu Jamusawa suka ƙara wa na'urar jiragensu ƙarfi, masu warware saƙo a Bletchley Park, cibiyar Birtaniya ta fasa saƙonnin sirri, su Alan Turing, suka makance wata goma, jiragen dakon abinci da mai na ta nutsewa a Tekun Atilantika. Ranar 30 ga Oktoba, a Bahar Rum, arewa da gaɓar Masar, bayan farautar sa'o'i masu yawa, aka tilasta wa jirgin Jamus U-559 fitowa saman ruwa cikin dare. Ma'aikatansa suka watse. Mutum biyu daga jirgin Birtaniya HMS Petard, Tony Fasson da Colin Grazier, suka tuɓe suka yi iyo zuwa jirgin da ruwa ke cikawa. Wani yaro mai shekara 16 da ke aiki a kantin jirginsu, Tommy Brown, ya bi su. Suna miƙo masa takardu yana hawa da su, kuma dole a kare su daga jiƙa domin tawadarsu narkewa take yi a ruwa. Kwatsam jirgin ya nutse da Fasson da Grazier a ciki. Da waɗannan takardu aka sake buɗe saƙonnin Jamus a Disamba. Allah kaɗai ya san rayuka nawa suka tsira ta dalilinsu. Asirin ya sa shekaru da dama iyalansu ba su san girman abin da 'ya'yansu suka yi ba. Wane marubuci ne zai ƙago abin da ya fi wannan tayar da tsigar jiki?

Za a ce ai a ƙarshen U-571 an rubuta sunayen jiragen Birtaniya. Gaskiya ne, kuma shi kansa Balme ya yaba wa fim ɗin. Sai dai mu nawa ke tsayawa karanta rubutun ƙarshe? Abin da ido ya gani na kusan sa'a biyu shi ke zama a kai. Ɗaya daga marubutan labarin, David Ayer, ya faɗa wa BBC a 2006 cewa an karkatar da tarihi ne don jawo masu kallo a Amurka, kuma ba zai sake ba.

Masu cewa gaskiya na sa fim ya yi sanyi su duba Das Boot na Wolfgang Petersen, 1981, fim ɗin Jamus kan ma'aikatan jirgin ƙarƙashin teku U-96. Galibinsa jira ne: zafi, wari, burodi mai funfuna, gemu na tsiro, maza kusan hamsin a cushe. Wannan jiran ne ke sa idan bama-bamai suka fara faɗowa, kai ma ka riƙe numfashi. Shi ma ya sauya abubuwa, har marubucin littafin da aka ɗauko shi, wanda ya taɓa tafiya a cikin U-96, ya yi ƙorafin an cika ihu. Amma bai yi ƙarya kan wa ya yi me ba, bai kuma ɓoye cewa kusan uku cikin huɗu na ma'aikatan jiragen ƙarƙashin teku na Jamus ba su dawo gida ba.

Abin da ya fi ba ni takaici, Amurkawa suna da nasu labarin. A ranar 4 ga Yuni 1944, a tekun da ke yamma da gaɓar Afirka, rundunar Daniel Gallery ta kama U-505, sojojinta suka shiga suka toshe inda ruwa ke kwarara, suka ja shi har Bamuda. Jirgin yana nan yau a gidan tarihi a Chicago, kowa na iya shiga ya gani. Da wannan suka ɗauka, da sun samu jarumansu da sunayensu na gaskiya, ba tare da sun taɓa haƙƙin kowa ba.