Wanda ya ɗora yaro kan sikala, shi doka za ta tambaya

Assalamu alaikum 'yan uwa magina, musamman ku matasan da Allah ya ɗaga kuka fara karɓar ƙaramar kwangila a Makka da Jidda da Madina. Jiya kana lebura, yau kai ne mu'allim, kana da yara biyar ko shida a ƙarƙashinka, masu ɗora bulo da masu filasta da mai zuba kankare. Allah ya ƙara buɗi. Amma akwai abin da ya hau kanka tun ranar da ka ce wa wani "zo mu je aiki", kuma yawancinmu ba ma son a tayar da zancensa.

Dokar ƙwadago ta Saudiyya, wadda ake kira Nizamul Amal, ta fito a 2005, kuma ba ta ware babban kamfani daga ƙaramar mu'assasa ba wajen kare ran ma'aikaci. Ta ɗora wa mai aiki ya sanar da ma'aikaci haɗarin aikin tun kafin ya fara, ya ba shi kayan kariya, ya koya masa amfani da su, ya kuma ajiye akwatin taimakon gaggawa a wurin. Ta kuma hana a cire kuɗin kayan daga albashinsa. Wannan na ƙarshen shi ne inda muke yawan faɗawa. Mutum ya sayo hular kwano da takalmin aiki da bel ɗin ɗaure jiki, ƙarshen wata ya zabtare daga kuɗin yaro, yana ganin ya yi dabara. Haramun ne a doka, kuma ko ba doka abin kunya ne. Shi ma ma'aikaci doka ta wajabta masa sa kayan in an ba shi, don haka mai cewa hula tana sa shi ciwon kai ka sallame shi ya koma gida ranar.

Sai maganar rana. Kowace shekara Ma'aikatar Ƙwadago tana hana aiki a fili ƙarƙashin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma, daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Duk wanda ya taɓa ɗaure rodi a saman dakin, wato rufin kankare, a watan Yuli ya san ƙarfen kansa ba ya taɓuwa da hannu. Zafin nan ba ya sallama. Yaro zai fara jin jiri, zufa ta ɗauke masa, maganarsa ta rikice, kafin ka ankara ya sulale daga hawa na biyu. A rubuta cewa faɗowa ya yi, alhali rana ce ta kayar da shi, kuma kai ka tsayar da shi a cikinta don mai gida yana matsa maka. Ku fara da asuba, ku ajiye ruwan sanyi da inuwa, ku dawo bayan la'asar.

Abin da ya fi damuna shi ne Ta'minat, wato hukumar inshorar ma'aikata. Mai aiki ne ke biyan kashi 2 cikin 100 na albashi don inshorar haɗarin aiki, ɗan ƙasa ne ma'aikacin ko baƙo. In aka ji rauni, ma'aikaci ya sanar da mai aiki cikin kwana 7, shi kuma ya kai rahoto cikin kwana 3, daga nan hukumar ta ɗauki nauyin magani da diyya. A lissafa: yaro mai albashin riyal 1,500, riyal 30 ke nan a wata, kuɗin da ba ya isa cin mandi, wato shinkafa da nama, sau biyu. Amma mu sai mu tsaya bakin titi da safe mu kwashi 'yan yaumiyya masu aikin yini ba tare da mun yi musu rajistar inshora ba, wannan iƙamarsa (takardar izinin zama) ta mutu, wancan na wani kafili ne (ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa), ɗayan ko takarda ba shi da ita. Ranar da katako ya karye da shi, tsoro ke hana a kira motar asibiti. A naɗe shi a bargo a kai shi ɗaki a unguwar Karantina ta Jidda ko Shari' Mansur ta Makka, a nemo mai ɗori, a ce kowa ya yi shiru. Mutum mai karayar ƙashin baya ana ɗaga shi kamar buhun siminti! Wanda da zai tashi da ƙafarsa ya ƙare a kwance, iyalinsa a Kano ko Damagaram suna jiran saƙon wata.

Kada wani ya ce mini ƙaddara ce. Mun yarda da ƙaddara, amma alƙali zai tambaya wa ya kafa sikalar, wato matakalar katako ko ƙarfe da ake hawa a yi aikin sama, da me aka ɗaure ta, akwai shinge a bakin dakin ko babu, waye ya bar wayar wuta a cikin ruwa. Diyyar kisan kuskure a ƙasar nan riyal 300,000 ce. Ribar kwangila nawa za ka tara kafin ka haɗa ta? In kuwa da sunan wani ɗan ƙasa kake aiki a ɓoye, binciken haɗarin zai tono tasattur, wato fakewa da sunan wani a yi kasuwanci, laifin da hukuncinsa ke kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Shi wanda ya ara maka sunan, ranar ba za ka same shi a waya ba.

Dukkanmu mun tuna Juma'ar 11 ga Satumba 2015, da iska ta kayar da ƙugiyar gini a Harami, mutum fiye da 100 suka rasu. Yawancin waɗanda abin ya rutsa da su masu ibada ne, ba ma'aikata ba. Haka ne ma a ƙaramin gini: bulon da ya suɓuce daga sama bai san ma'aikaci da mai wucewa ba, kuma unguwanninmu lungu ne cike da yara. Ka killace wurin, ka rufe ramin tankin ruwa kafin ku tashi, kada ka zube yashi da rodi a hanya, baladiyya, wato hukumar gari, ma tana cin tara a kan haka.

Ku kuma ƙannena leburori, kuna da bakin magana. In sikala tana rawa, ka ce ba ka hawa sai an gyara. In an tilasta maka aiki a lokacin da aka hana, lambar ƙorafi ta Ma'aikatar Ƙwadago ita ce 19911. Kowa ya sa 997 ta Hilal Ahmar (motar asibiti) da 998 ta Difa' Madani ('yan kwana-kwana da ceto) a wayarsa, a yankin Makka kuma 911 tana haɗa su duka. Wanda ya faɗo daga sama, kada a ja shi, kada a zaunar da shi, kada a ɗura masa ruwa. A riƙe kansa da wuyansa yadda suke har masu agaji su iso.