Usta, a tsaga shi biyu mana

Shekara ashirin da ɗoriya ina aikin rufi a Gadarif ta ƙasar Sudan, inda ake ce wa mai sana'a irina Usta, kuma babu maganar da ta gundure ni irin wannan. Ko makon jiya sai da wani Alhaji ya faɗa min ita a bakin shagon katako, yana shafa wani moski mai kauri, wato katako mai taushi na rufi, kamar mai taya rago: "Usta, a tsaga shi biyu mana, ai zai ishi ɗaki biyu." Na ce, "Alhaji, Allah ya ja kwana, in dai ni zan ɗora rufin nan, ba za a tsaga ba." Ya kaɗa rigarsa ya tafi. Na san kafin la'asar ya samu wanda zai tsaga masa.

Bari in ba ku abin da idona ya gani a hunturun bara. Gobara ta tashi a wani gida a unguwarmu, daga rakubar girki, wato rumfar girki, garwashin shayi da iskar arewa. Ta kama ɗaki biyu. Na farko sabon gini ne, kwano a kan 'yan siraran katako santi 5 da 5. Kafin mai karon ruwa ya iso da jakinsa, rufin ya rufta. Na biyu tsohon ɗaki ne, mirig ɗinsa, wato babban itacen da ke ɗauke da rufin, na bagaruwa ne, irin wadda ake sarowa daga dazukan bakin kogin Shuɗin Nilu. Wuta ta lashe shi ya yi baƙi ƙirin, amma bai motsa ba, har aka shiga aka fito da tsohuwar da ke ciki. Washegari na hau da gizago na kankare shi. Gawayin bai kai kaurin yatsa biyu ba, ƙarƙashinsa jan itace ne garau, gizagon ma tsalle yake yi.

Ba tsafi ba ne. Itace in ya kama wuta, bayansa ne ke zama gawayi, gawayin kuma ya zame wa cikin bargo. Injiniyoyin Turai sun auna abin: katako mai taushi irin moski, wuta na cin kamar milimita 0.7 a minti ɗaya, wato wajen santi 2 a rabin awa, ta kowane gefen da ta samu. Itace mai nauyi irin bagaruwa ya fi haka jinkiri. To ku yi lissafi da kanku. Katako mai kaurin santi 5, a ci 2 ta nan, a ci 2 ta can, saura 1. Me santi ɗaya zai riƙe? Amma mai 10 da 20, bayan rabin awa yana da sauran 6 a faɗi, kuma har yanzu rufin na kansa. Rabin awar nan ita ce ake fitar da yara da tsofaffi a cikinta.

Wasu za su ce to a koma ƙarfe mana, ƙarfe ba ya cin wuta. Gaskiya ba ya ci, amma yana laushi. Da zafi ya kai wajen digiri 600, ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, kuma siririn bututun da maƙera ke walda mana ba ya daɗewa bai kai nan ba. Ba ya ƙara, ba ya gargaɗi, sai dai ka ga ya lanƙwashe kamar taliya.

Na san halin da ake ciki, kada wani ya zo ƙasan rubutun nan ya ce ban san tsada ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, 'yan uwa daga Khartum da Madani suka cika garin nan, kowa na neman ƙara ɗaki a tsakar gidansa, kuɗi kuma kullum sai zubewa suke. Ga ƙasar Gadarif baƙar laka mai tsagewa, ba ta son gini mai nauyi, shi ya sa iyayenmu suka zauna a gutiya, wato bukkar ciyawa. Tattali dole ne. Faɗana shi ne a inda muke yin sa.

Ga inda kuɗin yake ɓuya. Ɗauki katako mai 5 da 15. In ka kwantar da shi a kan faɗinsa, ƙarfinsa kashi ɗaya ne. Tsayar da shi a kan gefensa, ya ninka uku, lotsawarsa kuma ta ragu sau tara. Katako ɗaya, kuɗi ɗaya. Sau nawa na shiga ɗaki na tarar an kwantar da su saboda buga ƙusa ya fi sauƙi, sannan da rufin ya fara ciki aka ƙaro wasu uku. A auna faɗin ɗaki da tsawon katakon da ke kasuwa tun kafin a haƙa harsashi, ba sai an gama gini a zo ana yanke rabin mita ana zubarwa ba. In ɗakin ya yi faɗi, a ɗaure katakon kusurwa uku-uku su tokare juna. Manya kaɗan a tsaye sun fi ƙanana barkatai. Kakanninmu da suka zo daga Sakkwato suka zauna a garin Mai Wurno a nan Sudan sun san wannan tun a azarar giginya: ba sa barin azara ta yi doguwar tafiya ba madogara.

Saura kuma ƙananan abubuwa ne da ake rainawa. Bangon da ya raba ɗaki da ɗaki ya hau har ya taɓa kwano, don wuta tana bin sararin saman silin ne ta tsallaka. A bar silin roba da soso, a sa allon jibis (gypsum) in da hali. Wayar lantarki ta bi cikin bututu, kada a buga ta da ƙusa a jikin katako. Rakubar girki kuma, don Allah iyayenmu mata, ta ɗan ja baya daga jikin ɗaki, ko da taku biyar ne.

Wancan mirig na tsohuwa mun mayar da shi wurinsa, kansa kawai na yanke inda ya fi ƙuna. Guntun yana nan a shagona kusa da butar alwala. Mai musu ya biyo bayan azahar ya sa farce ya ƙwaƙula.