Taurarin da ake ba manhaja ba su san kwamfutarka ba

Da zarar wani ya tambayi "SourceTree ko GitKraken?" ko kuma "Trello ko Jira?" a zauren masu rubuta manhaja, sai a yi masa ruwan hotunan taurari daga G2 da Capterra, shafukan da jama'a ke ba manhajoji maki. Ni kuwa a ganina tambayoyin nan biyu ba nauyinsu ɗaya ba, kuma ba daidai ba ne a auna su da mudu ɗaya.

Mu fara da tambayar farko, wadda ta shafi Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen da aka yi wa kod. Linus Torvalds ne ya rubuta shi a 2005, bayan an samu saɓani kan BitKeeper, makamancinsa da masu aikin Linux ke amfani da shi a lokacin. SourceTree da GitKraken da GitHub Desktop da TortoiseGit duk riguna ne aka saka wa mutum ɗaya, wato Git. Tarihin aikinka yana nan cikin jakar .git a kwamfutarka, ko da babu intanet. Idan wadda ka ɗauka ba ta yi maka ba, ka goge ta ka sauke wata, babu abin da zai ɓace. Saboda haka ka saurari ra'ayin jama'a a nan hankali kwance, amma ka tambayi kanka wane ne mai maganar. Wanda ya ba GitKraken taurari biyar yana iya kasancewa da sabuwar MacBook ne a gabansa, kai kuma tsohuwar HP ce mai RAM 4GB. An gina GitKraken a kan Electron, fasahar gina manhajar kwamfuta a kan injin burauza, kuma tana cin RAM ba kaɗan ba. Sannan ta kyautar ba ta wadatar da mai ma'ajiyar kod ta sirri, sai ya biya da dala. SourceTree kyauta ce, amma babu ta a Linux. TortoiseGit kuwa ta 'yan Windows ce kawai. Da yawa ma kayan Git da ke cikin VS Code, manhajar rubuta kod, sun ishe su.

Manhajar raba aiki, irin su Trello da Jira, ita ce inda gizo ke saƙa.

Trello ta fito a 2011 da allo mai sauƙi: abin da za a yi, abin da ake yi, abin da aka gama, salon Kanban da ya samo asali daga masana'antar Toyota. Kamfanin Atlassian, mai Jira tun 2002, ya sayi Trello a 2017 kan dala miliyan 425, wato ko ka gudu daga wannan zuwa waccan, gida ɗaya kake. Abin da taurari ke ɓoyewa shi ne, wanda ke sayen Jira daban, wanda ke wuni a cikinta daban. Manaja yana yabonta don tana ba shi rahoto. Mai rubuta kod yana tsine mata don kafin ya rufe ƙaramin aiki sai ya cike gurabe barkatai. Kowannensu gaskiya ya faɗa. Kuma in ka duba da kyau, yawancin ƙorafin ba kan Jira ba ne, kan yadda wani shugaba ya tsara ta ne. Ƙari a kan haka, shafukan nan na tara ra'ayi sukan ba mutum katin kyauta idan ya rubuta sharhi, don haka ba kowane yabo ne ya fito daga zuci ba.

Ga kuma wahalar fita. Sharhin da aka rubuta a ƙarƙashin kowane aiki, takardun da aka liƙa, wa ya ce me a wace rana, da sabon da mutane suka yi, duk suna hannun kamfanin. Kuɗin kuma kan kowane mutum ake lissafa shi duk wata, da dala. A Fabrairun 2024 Atlassian ta daina tallafa wa nau'in Server, wato wanda kamfani ke girkawa a na'urarsa, waɗanda suka ɗora Jira a kan na'urarsu suka koma neman mafita dole. Babu tauraron da ya gargaɗe su.

Idan ku huɗu ne ko biyar kuma kod ɗinku yana GitHub, shafin ajiye kod a intanet, shawarata ku tsaya kan Issues da Projects, kayan bibiyar aiki na can. Ka rubuta "fixes #12" a saƙon komit, wato bayanin da kake rubutawa in za ka adana canji a Git, da an haɗe shi da babban reshen kod ɗin aiki mai lamba 12 ya rufe da kansa. Wannan kaɗai ya fi mini kyawawan allunan Asana, wata manhajar raba aiki.

Kuma mu daina yaudarar kanmu, a nan wajenmu babbar kishiyar Trello ba Jira ba ce, WhatsApp ce. Oga zai turo saƙon murya na minti uku da tsakar dare, a ciki akwai ayyuka huɗu, allon kuma yana nan babu wanda ya taɓa shi tun makon da aka buɗe. Kafin ku biya ko sisi, ku ɗauki ta kyauta ku gwada wata guda, ku ga ko shi ogan zai yarda ya rubuta aikin a allo da hannunsa.