Maganar da aka gaya mini a Shockoe Bottom

Ranar Asabar wata abokiyar aikina, baƙar fata 'yar asalin nan Amurka, ta kai ni Shockoe Bottom a birnin Richmond na jihar Virginia. Wuri ne a kwari, babbar hanya ta bi ta gefensa, manyan motoci na ta ruri, ga filin ajiye motoci, ga ciyawa an aske ta ƙwal, ga 'yan alluna masu rubutu an kakkafa. In ba a gaya maka ba, ba za ka san a nan aka ci ɗaya daga cikin manyan kasuwannin bayi na ƙasar ba, inda ake taya mutum kamar rago, a kaɗa shi kudu zuwa gonakin auduga. Muna tsaye sai ta juyo, ba da faɗa ba, ta ce: "Ai ku kuka sayar da mu." Na rasa bakin magana. Har yau abin na ci na.

Richmond ɗin nan ita ce hedikwatar 'yan Kudu a yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865. Tushen rigimar lissafin kujeru ne. Kowace jiha na da sanata biyu, don haka duk sabuwar jihar da za a shigar sai an yi ta ja-in-ja: ta bayi ce ko ta 'yanci? A 1820 aka yarda a shigar da Missouri da bayi, Maine ba bayi, aka shata layin da bauta ba za ta ƙetare shi zuwa sabbin yankunan arewa ba. A 1854 dokar Kansas da Nebraska ta share layin, jini ya kwarara a Kansas. A 1857 Kotun Ƙoli, a shari'ar wani bawa mai suna Dred Scott, ta ce baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne. Da Abraham Lincoln, mai adawa da yaɗuwar bauta, ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 1860, South Carolina ta fice a Disamba, har jihohi 11 suka ɓalle. Bayi kusan miliyan 4 ake rikici a kansu, mutum sama da 600,000 suka mutu.

To amma "ku" ɗin nan su wa ke nan? Hausawa ma an loda su a jirgi. A Bahia ta Brazil bayi Hausawa ne suka shirya tawaye a 1807. Kuma su a nan launin fata suka ɗaura wa bauta, ta yadda ko jikan jikanka ba shi da mafita. A Kano ta da kuwa Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama bayin sarki ne, amma wa ya isa ya ja da su? Ɗan kwarkwara yana hawa karaga. Bawa yana biyan murgu ya nemi na kansa har ya fanshi kansa. Ban ce zaman rinji, wato ƙauyen bayi masu noma, daɗi ne ba, kuma na san an sayar da mutane a Kasuwar Kurmi, na san sai 1936 Turawa suka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Amma a haɗa tamu da tasu a kwano ɗaya, wannan ban yarda ba.

Sai dai abin da ya hana ni barci daban ne. Su suna da wurin da za su tsaya su nuna da yatsa. Gunkin Janar Lee, kwamandan sojan 'yan Kudu, ma sai da suka yi ta musu a kansa kafin su sauke shi a 2021. Ni kuwa na tuna ina yaro an hana wani a unguwarmu aure, manya na ta raɗa wai ɗan bayi ne, ba wanda ya yi mini bayani.

Da dare na kira mahaifiyata na tambaye ta labarin. Ta yi shiru, ina jiyo kiran sallar asuba a bayanta, ta ce: "Kai dai ka cika tone-tone. Yaushe za ka zo gida?"