Yadda na kusa sa Inna kwana huɗu a sararin sama

Lokacin sanyi ne, shekara uku da suka wuce, matar Yaya ta haihu a New York, aka ce Inna za ta je wankan jego. To ni ne ɗan lakwal a gidanmu, duk takardar da ta shigo Birni da rubutun nasara ni ake miƙa wa. Inna ta ce, "Kai ɗan nan, Amurkar nan kwana nawa ce?"

Na ce bari in yi lissafi. Na duba a waya, babu jirgin da ke tashi daga Yamai ya dire can kai tsaye, sai an canza a Kazabalanka, daga nan a tsallake tekun Atalantika, wajen kilomita 5,800. Ni kuma abin da na sani a duniya shi ne kar, wato bas ɗin Damagaram zuwa Yamai, kilomita kusan 900, ka bar tasha da asuba, Tasawa, Maraɗi, Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso, ka isa da dare bayanka kamar an daka sakwara a kai, awa 14 in Allah ya kiyaye faci. Na raba na ninka, awa 90 ta fito. Wallahi ko a raina ban kawo cewa jirgi ba ya tsayawa sallah da cin tsire a Ƙwanni ba.

"Inna, kwana huɗu ne, ba kaɗan."

Ta yi salati ta ɗau mayafi sai kasuwar Dole. Kilishi na jika 20, dabino, ƙuli-ƙuli, garin fura, har da bargo biyu da buta.

Da tikiti ya iso na ga tashi daga Kazabalanka ƙarfe 3 na yamma, sauka ƙarfe 5. Kai jama'a! Na ruga fada ina ta cika baki, na ce ashe Amurka ta fi Maraɗi kusa, awa biyu ce kacal. Wani mushe da ke koyar da lissafi ya ajiye kofin shayinsa ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ya ce agogon New York yana bayan namu da awa 6 a lokacin sanyi, in ka haɗa da biyun nan taka awa 8 ke nan, jirgin kuma yana cin kusan kilomita 900 a awa guda, wato duk wahalar da muke sha zuwa Yamai kafin a gama zagaye na uku na shayi ya shanye ta.

Na koma gida zan gyara magana, Inna ta ce, "Jiya kwana huɗu, ɗazu awa biyu, yanzu takwas. Ba na rage komai, gobe ma wata za ka zo da ita."

Haka ta tafi da kayanta. A filin jirgin can, ashe ba a shiga ƙasar da nama, wani kare ya zo ya tsaya kan jakarta ya ƙi gaba, ma'aikata suka kwashe kilishin nan tas. Ni kuma don in ji ta sauka lafiya na buga wa Yaya bayan na karya, ƙarfe 8 na safe, na manta can ƙarfe 2 na dare ne, ga jaririya da ƙyar aka samu ta yi barci.

Inna ce ta karɓe wayar. Ba ta amsa gaisuwata ba, ta ce, "Jika ashirin ɗina, ka fara tarawa."