Ranar Da Kwamfuta Ta Ɗora Wa Kawuna Bashin Miliyan 21

Kawuna dillalin tumatir da tattasai ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma tun da ya ji labarin na koyi rubuta manhaja a Yaba ya damƙa mini lissafin kwandunan da ake saukewa daga motocin Kano da Zariya, da na kuɗin da 'yan sari ke biya. Na rubuta masa manhajar da Python, harshen da Guido van Rossum ya fitar a 1991, mai sauƙin rubutu amma mai nawa wajen aiki. Dalilin nawar shi ne ba a gaya masa tun farko ko abu lamba ne ko rubutu, saboda haka duk abin da zai tara sai ya tsayar da shi ya binciki irinsa, kamar yadda ake tsayar da motar kaya a kowane shinge daga Arewa har Legas. Da bayanai suka taru, tsohuwar kwamfutar da na saya a Computer Village ta Ikeja ta fara yin tsaye tana tunani, Kawu kuwa ya fara tambayata ko ita ma sai an ba ta na goro.

Na shiga neman kayan aikin da ke mayar da Python harshen inji kai tsaye. Na fara da Numba, wadda ta fito a 2012 kuma layi ɗaya kawai ake ɗora mata a kan aikin da ake so ya yi sauri. Sai dai ita tana yin juyin ne a karon farko da aka kira aikin, kuma wannan karon na farko shi na yi a gaban Kawu, ya ga abin ya ƙara nawa. Bayan haka ta ci karo da sunayen masu bashi a cakuɗe da lambobi, ta watso mini ƙorafin da ya cika fuskar kwamfutar, domin ita harkar lambobi zalla ta fi ƙwarewa a kai. Ta biyun da na gwada, Nuitka, tana tsakiyar harhaɗawa aka ɗauke wuta, batirin ya bi bayanta.

Daga nan na koma ga Cython, wadda ta samo asali daga wata tsohuwar manhaja mai suna Pyrex a 2007, tana mayar da rubutun zuwa harshen C mai sauri, amma ba a cika ganin saurin sosai ba sai mutum ya faɗi irin kowace lamba da kansa. Na ayyana jimillar ciniki a matsayin int, wato mazubin cikakkiyar lamba a harshen C, ina ƙirgawa da kwabo don kada sisi ya ɓace. Abin ya yi gudu har na yi zaton bai yi aikin ba.

Ran da aka zauna lissafin wata a rumfa, abokan cinikin Kawu biyu suna gefe suna cin goro, na danna maɓalli cikin ƙasaita, amsa ta fito nan take da alamar ragi a gabanta: ana bin Kawu sama da naira miliyan 21. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake dubawa, sannan ya ce, “Ɗana, wa na ci wa wannan kuɗin?” Ɗaya daga cikin baƙin ya miƙe a hankali ya ce yana da uzuri a Ketu.

Na ce, “Kawu, ku yi haƙuri, ba bashi ba ne, ciniki ne ya yi wa mazubin yawa.” Lambar int ta C a irin wannan kwamfuta ba ta wuce 2,147,483,647, wato naira miliyan 21 da dubu 474 da 'yan kai idan kwabo ake ƙirgawa, kuma da zarar an haura ta sai ta juya ta faɗa can ƙasan sifili ba tare da ta ce uffan ba. Python mai nawar nan ba ya yin haka, domin lambarsa tana faɗaɗa gwargwadon buƙata, kuma wannan kulawar tana cikin abin da ke cinye masa lokaci.

Gyaran bai wuce sauya kalmar int zuwa long long, mazubin da ya fi shi girma nesa, ba, amma labari ya riga ya zaga layin 'yan tumatir, har wani mai mota ya bugo waya daga Ogere yana neman a biya shi kuɗin dakonsa kafin ya ƙaraso. Kawu ya yanke hukunci cewa duk abin da kwamfutar ta faɗa, sai yaron rumfarsa ya sake tarawa da biro a littafi kafin a yarda da shi. Yanzu manhajar tana gama aikinta cikin ƙiftawar ido, mu kuma mu zauna jiran yaron har la'asar.